Ranar da Injiniya Ya Tuƙa Firiza

A layinmu akwai wani mai gyaran firji da fanka da ake ce wa Injiniya. Ba makaranta ce ta ba shi sunan ba. Ya taɓa bin wasu masu gina gada yana ɗebo musu ruwan sha a jarka, aikin bai yi nisa ba suka sallame shi, ya dawo gida da hular kwano mai ruwan ɗorawa da baki mai tsawo. Tun daga nan in aka ambaci ruwa a wurin hira, ko da na shayi ne, sai ya gyara zama.

"Ni da ruwa ai 'yan gida ɗaya ne," in ji shi. "In na kalli hadari, na san inda zai zuba tun shi kansa bai yanke shawara ba."

Daminar da abin ya faru kuwa, ruwan ya zo da son kai. Hadari zai haɗu baƙi ƙirin, a yi ta tsawa kamar sama za ta tsage, sai ya zuba a wannan gefen titi ya bar tsallake a bushe. Mutum yana tsaye a ƙofarsa ƙafarsa fari fat, yana kallon maƙwabcinsa yana kwasar ruwa daga ɗaki. Ga layin namu a gangare yake, duk abin da aka zuba wa unguwannin tudu ta ƙofofinmu yake bi.

Wata rana da hantsi mai wanki ya tsaya da ƙullin kayan mutane a ka yana duban sama. Injiniya ya lashi yatsa ya ɗaga.

"Shanya kayanka. Wannan hadarin baƙo ne, wucewa zai yi."

Mai wanki ya shanya har da fararen riguna. Hadarin ya tsallake shagon Injiniya bai ɗiga ba, ya zo daidai kan igiyoyin shanya ya sauke duk abin da ya ɗauko. Mai wanki ya iso shagon yana huci, ruwa na ɗiga daga haɓarsa.

"Ba kai ka ce wucewa zai yi ba?"

"To bai wuce ba? Ɗaga kai ka gani. Ni ban ce ba zai tsaya ya gaishe ka ba."

Mai aski, wanda shagonsa ke jikin na Injiniya, mutum ne da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Ya leƙo da almakashi a hannu ya ce, "Gobe in za ka yi duba, ka fara gaya mini, in san ko zan ɗauko laima ko mafici."

Ana haka, wani yammaci ruwan titi ya cika kwata, ya biyo ta rariya ya shiga tsakar gidan Injiniya, ya tafi da takalminsa wari ɗaya. Wannan ya ɗauke shi a matsayin cin mutunci. Washegari muka ga bulo a ƙofar gidansa, yana kwaɓa siminti da hular kwano a ka.

Matarsa tela ce, a ɗakin gaba take ɗinki, duk layin Anti Tela muke ce mata. Ta fito da awo rataye a wuya, ta dubi buhunan.

"Maigida, simintin nan fa na gyaran daɓen kicin ne."

"Kicin zai jira. Ana maganar tsaro kina maganar murhu."

Ya ja katanga a dokin ƙofa har ta kai cinya. Da ya gama, ya koma ciki ya cusa tsummokara a rariya ya shafe da siminti.

"In ka toshe rariya, ruwan wanke-wanke ta ina zai fita?"

"A bokiti ya shigo, a bokiti zai fita."

"Ruwan sama fa?"

"Daga titi yake zuwa mana, kuma na rufe masa hanya."

"Mu dai a garinmu daga sama yake zuwa."

"Shi ya sa garin naku bai ci gaba ba."

Katangar ta fara aiki tun kafin ta ga ruwa. Babur ɗin Injiniya ya koma kwana a shagon mai aski. Masu kawo ɗinki sai su tattare zane su yi ta neman inda za su dafa. Wata mai jiki ta ɗaga ƙafa ɗaya ta tsallaka, ɗayar ta ƙi biyo baya, ta zauna a kan katangar kamar mai hawan jaki, sai da mata biyu suka ja ta ciki. Shi kansa mai aikin ƙaurinsa duk ya sha bugu, amma in aka tambaye shi ɗingishin mene ne sai ya ce tsaro ba ya samuwa a ɓagas.

Sai ga ranar gwaji. Bayan azahar wani ɗan hadari ya taso, ya yi ta yawo kamar mai neman gidan da aka kwatanta masa, ya zo kan rufin Injiniya da gidaje biyu na kusa ya tsaya. Aka yi walƙiya, aka saki tsawa, ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Mu da ke tsallake ko yayyafi bai same mu ba. Muna zaune a kan benci muna kallo, sai muka fara jin ƙarar kwanuka suna karo da juna a cikin gidan. Can sai ga ruwa yana malalowa ta saman katangar, daga ciki zuwa waje, ɗauke da soson wanka da murfin tukunya.

Muka leƙa. Tsakar gidan ta zama tafki. Anti Tela tana tsaye a kan teburin yankan yadi, ta rungume kan keken ɗinki kamar jariri, yadukan mutane a ɗore a kanta. Injiniya yana tsakiyar ruwa har cinya, yana ƙoƙarin kamo tabarma.

Mai aski ya dafa katangar ya ce, "Injiniya, na san ambaliya tana shiga gida. Wadda take fitowa daga gida ta shiga gari, yau na fara gani."

"Gwaji ne," in ji Injiniya. "Duba jikin katangar da kyau. Ka ga inda ta yi yoyo? Ko ɗigo. Wannan shi ake kira aiki."

"Gaskiya ne. Kifi kawai ya rage ka zuba."

Anti Tela ta miƙa wa wata maƙwabciya kan keken, ta sauko, ta lalubo taɓarya a cikin ruwa, ta nufi rariya ta yi ta duka har simintin ya fashe. Ruwan ya fita yana gurnani. Sannan ta juyo ta dube shi.

"In ruwa ya taɓa yadin mutum ɗaya a ɗakin nan, kai za ka je ka yi masa bayanin gwaji. Ni ina gidan yayana."

Wani zai ce daga nan mutum ya yi laushi. Injiniya ya kwana yana nazari, ya wayi gari da cewa kuskuren ba nasa ba ne, layin ne gaba ɗaya aka gina ba bisa ilimi ba. Ya yanko robar tsohuwar taya ya kafa a bakin rariya, ya ce ƙofa ce mai hankali, ruwa zai fita ta nan amma ba zai iya shigowa ba. Sannan ya ɗauki diga da cebur ya hau saman layi, ya ce zai haƙa rami mai tsawo ya kama ruwan tudu tun daga can, ya karkatar da shi zuwa wani kango da ke bayan gidaje.

Mai wanki, da yake filin shanyarsa yana kan hanyar ruwa, ya yarda zai taya shi.

"Amma ka auna gangaren?" ya tambaya.

Injiniya ya rufe ido ɗaya, ya miƙa babban yatsa. "Idon nan ya auna gada. Haƙa kawai."

Ba su yi nisa ba diga ta sami bututun famfo. Ruwa ya yi tsiri sama ya fi tsayin mutum, ya cire wa Injiniya hula. Mata suka fito daga gidaje suna tambayar me ya sa famfo ya ɗauke ana tsakiyar girki. Suka tarar da shi ya zauna a kan bututun yana toshewa da mazaunansa.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji shi, ruwa na fita ta gefe da gefe. "Mun gano cewa akwai ruwa a ƙarƙashin layin nan."

"Mu ma mun sani," in ji wata tsohuwa. "Shi muke sha kafin ka gano shi."

Aka ɗaure bututun da roba, haƙa ya ci gaba. Ramin ya taho a karkace kamar tafiyar maciji, ya bi ta gaban gidan Injiniya, daga nan ya lanƙwasa ya nufi kango. Mai wanki ya ce shi a ganinsa daga lanƙwasar nan ramin hawa yake yi ba gangara ba. Injiniya ya ce ruwa in ya ɗauko gudu ba ya kula da irin wannan.

Bai tsaya nan ba. Ya haɗa na'urar gargaɗi: jarka a cikin ramin, waya daga jarkar zuwa batir, batir zuwa hon ɗin babbar mota da ya ɗaure a kan sanda. In ruwa ya ɗaga jarkar, hon zai yi kuka, kowa ya kwashe kayansa. Ranar da ya kafa ta, da tsakar rana mutane suna ɗan kishingiɗa, hon ɗin ya ɓarke da kuka. Layin ya hargitse. Wannan ya fito da katifa a ka, wancan da talabijin a ƙirji, mai aski ya fito da wani mutum da aka aske masa rabin kai. Sama tas, rana na dukan kowa. Aka bi waya har bakin ramin, sai ga Anti Tela tsaye da bokiti, ta zubar da ruwan wanke-wanke.

"Ƙofarsa mai hankali ce ta hana ruwan fita," in ji ta. "Ni kuma ba zan sha shi ba."

"Kun dai ga tana aiki," in ji Injiniya.

Abu na ƙarshe shi ne jirgin ceto. Akwai wata mai sayar da ƙanƙara da ta kawo masa babbar firiza gyara tun farkon damina. Ya cire murfin, ya kwance injin, ya liƙe ramukan da kwalta, ya rubuta CETO a jiki da jan fenti. Ranar da matar ta zo karɓar kayanta ta same ta a ƙofar shago da cebur a ciki.

"Injiniya, wannan ba firizata ba ce?"

"Ita ce, Hajiya. Tana aikin al'umma na ɗan lokaci. Ladan har da ke."

"Ni sanyi na ce ta yi, ba lada ba."

"Ki zo ranar buɗe aiki, za ki yi alfahari da ita."

Ranar buɗe aiki ya bi gida-gida ya gayyaci kowa, bayan la'asar. Mutane suka zo, ba don ramin ba, don dai an san ba za a rasa abin dariya ba. Ya sa farar riga da hularsa ta kwano. Ya sa aka ajiye firizar a kan bakin ramin, a gaban gidansa, ya shiga ciki ya tsaya don kowa ya gan shi. A kanmu rana ce tar. Amma can wajen tudu, tun azahar wani hadari ya yi zaman dirshan, baƙi kamar gindin tukunya, walƙiya na tsaga shi.

Mai aski ya nuna da baki. "Wancan fa?"

"Wancan na mutanen tudu ne. Kowa da rabonsa. Mu yau ko tofi ba za a yi mana ba."

Ya yi gyaran murya ya fara jawabi. Ya ce tun da aka kafa layin nan ruwa yake raina mutanensa, amma daga yau an shata masa iyaka. Ya ce nan gaba daga wasu ƙasashe za a riƙa zuwa kallon ramin. Yana cikin bayanin yadda ya taɓa ba wa masu gina gada shawara, hon ya fara kuka.

Ya tsaya, ya haɗe rai. "Wa ya sake zuba ruwan wanke-wanke?"

"Ga ni nan tsaye," in ji Anti Tela daga kan dakalin mai aski. "Hannuna babu bokiti."

"To waya ce ta haɗe. Kowa ya tsaya inda yake, na san halin kayana."

Sai muka ji wani ruri daga saman layi, kamar tirela ta taho ba birki. Muka waiwaya. Ruwa ne ja wur ya cika titi daga bango zuwa bango, yana turo ledoji da rassan itace da wani akurkin kaji. Kafin ka ce kwabo kowa ya ɗare dakali, wasu suka hau katanga, mai ƙanƙara ta sami kanta a kan tulin bulo ba ta san yadda aka yi ta hau ba.

Ruwan ya sami ramin Injiniya, ya karɓe shi hannu bibbiyu. Ya biyo shi tiryan-tiryan har lanƙwasar da ke gaban gidan, ya ga hawa a gabansa, ya ƙi. Ya juya ya tura ƙofa mai hankali, ta buɗe masa ba musu, don ashe a juye aka kafa ta. Wanda bai sami shiga ta rariya ba ya haura ta saman katanga. Sauran ya ɗauki firizar cak da mai jawabi a ciki.

Injiniya ya faɗi zaune, ya rarumi cebur. "Kada kowa ya tsorata. Ina zuwa ceto."

"Ceci kanka tukuna," in ji mai aski. "Iya ruwa fid da kai."

Ya tsoma cebur ta dama, firizar ta juya hagu. Ya tsoma ta hagu, ta ba gabas baya ta ci gaba da gangarawa. Haka ta yi ta juyi da shi, yanzu mu ga fuskarsa, yanzu mu ga ƙeyarsa. Ta bi ta filin shanya, ta shiga ƙarƙashin igiya, wani zanen gado ya naɗe masa kai. Mai wanki ya bi ta kan dakali yana cewa a bar masa zanen mutane. Mai ƙanƙara tana daga kan bulo tana kiran a tare mata firiza, shi mutumin ko oho.

A ƙasan layi akwai babbar kwalbati da ruwa ke shiga ƙarƙashin titi. Da muka ga firizar ta nufi wajen, dariya ta ɗauke. Shi ma da ya yaye zanen ya hango bakin kwalbatin, sai ya saki cebur, ya riƙe gefen firizar da hannu biyu. Jawabi ya ƙare. Muryar da muka ji siririya ce, ba irin wadda muka saba ji ba.

"Maman yara, ki ce su tare ni."

Anti Tela ta riga kowa sauka daga dakali, ta tattare zane tana bin gefen bango, mu kuma muna biye da ita. Allah ya taimaka, shara da akurkin kajin sun riga sun toshe kwalbatin. Ruwan ya haura kan titi, firizar ta bi shi, ta ratsa tsakanin motocin da suka tsaya cirko-cirko, direbobi suna leƙowa suna kallon mutum da farar riga da hular kwano yana tsallaka titi a cikin firiza. Wani har ya danna masa hon ya ba shi hannu.

Unguwar tsallaken titi kuwa rabonsu da ruwan kirki tun farkon damina. Ƙasarsu rairayi ce, ta sha rana ta gaji. Ruwan yana isa ya bazu, ya yi laushi, ƙasa ta yi ta shanye shi. Firizar ta ja ciki, ta ja ciki, ta tsaya cak a bakin wani lambu da masararsa ta yi yaushi, a gaban wasu dattawa da ke zaune a inuwa suna duban sama.

Muka iso muna haki. Anti Tela ta dudduba shi, ta ga babu inda ya karye, sannan ta saki numfashi ta ɗaure fuska.

"Gidan fa?" ya tambaya a hankali.

"Ya cika har taga. Katangarka ba ta yoyo."

"Keken ɗinkin? Yadukan mutane?"

"Suna saman bene a gidan mai aski tun da safe. Ina jin ka ce wa mai wanki yau ba za a yi ruwa ba, na kwashe komai."

Mai aski ya ce, "Ashe dubanka yana da amfani. Juya shi kawai ake yi."

Mai ƙanƙara ta iso ta ƙarshe, takalmi a hannu. Ta zagaya firizar, ta ga gefenta ya lotsa, laka ta cika ta. Ta buɗe baki za ta fara, sai ɗaya daga cikin dattawan nan ya taso da sandarsa, ya dubi ruwan da ya kwanta a cikin kunyoyin lambunsa, ya dubi mutumin da ke zaune a firiza.

"Bawan Allah, kai ka kawo mana ruwan nan?"

Injiniya ya dubi dattijon, ya dubi lambun, ya dube mu. Muna kallo ƙirjinsa ya fara tasowa. Ya gyara hular kwano, ya miƙe tsaye a cikin laka.

"To, Baba, ba zan ce ni kaɗai ba ne, amma tsarin nawa ne."

"Mun daɗe muna nema. In da hali a riƙa kawo mana a kai a kai, da mun gode."

"Ai wannan ƙaramin aiki ne. In na sami siminti da mutum biyu masu haƙa..."

Anti Tela ta ɗaga hannu, ya yi shiru. Ta rusuna ta gaida dattijon da ladabi, sannan ta ce, "Baba, mun ba ku shi, ku riƙe har ƙarshen damina. Sai dai kafin ya taɓa diga, ku fara ɗora katifunku a kan rufi."